Yadda Ake Tace Bayanan FTIR Don Gane Man Ƙuli na Ainihi

Duk wanda ya taɓa kai samfurin mai ɗakin gwaji a Zariya ya san wannan yanayin. Ka biya kuɗin awo, an ɗiga man a bakin na'urar FTIR, wadda ke haska samfur da hasken infrared ta auna yawan da ya sha, an miƙo maka takardu, ka koma ɗakinka a Samaru ka baza su a kan katifa. Man ƙulin da ka sayo a Bomo, farin man jarka na kasuwar Sabon Gari, man waken suya, duk zane ɗaya suka fito da shi: kwazazzabai biyu masu zurfi ta hagu, wani siriri a tsakiya, sai tarkacen ƙananan ramuka ta dama. Wata ɗalibar digiri na biyu ta taɓa zuwa mini da irin waɗannan takardu har sittin, ta ce, "Malam, anya na'urar nan ƙalau take? Abu ɗaya take ta fitarwa."

Ƙalau take. Man girki ko na mene ne, fiye da kashi 95 cikin ɗari nasa sinadari iri ɗaya ne, taragilisarid, don haka dole zanensu ya ɗauko kama kamar 'yan gida ɗaya. Bambancin yana nan, sai dai ƙarami ne, kuma ya nutse cikin lambobi kusan 1,800 da na'urar ke bayarwa a kowane awo, daga lambar igiya 4000 zuwa 650, wato ma'aunin da ke nuna irin hasken da aka auna a kowane wuri na zanen. Aikinka shi ne ka surfa lambobin nan, ka bakace, ka zubar da dusa, ka bar uku ko huɗu da ke ɗauke da maganar. Da mai zan yi misali, amma hanyar ɗaya ce ga mai binciken zuma, ko ƙasar gona, ko fata, duk dai wanda na'ura ta ba shi dogon jerin lambobi a kan kowane samfur.

Mataki na farko: tun kafin a kunna na'ura

Rabin aikin a kasuwa da tsakar gida ake yin sa. Lissafin da za ka yi daga baya zai koyi abin da ka gaya masa ne. Idan ka rubuta "man gyaɗa" a jikin kwalbar da ba gyaɗa a cikinta, to ka koya masa ƙarya tun daga ranar farko. Ka kuwa san yadda kasuwarmu take: kowane farin mai "man gyaɗa" ake ce masa, ko da tataccen manja ne da aka cire masa ja. Saboda haka samfurin da za ka kira na ainihi, ka je gidan masu ƙuli-ƙuli ka zauna a matse tunkuza a gabanka, ko ka sayi gyaɗar ka kai inji da kanka. Kada kuma ka tsaya gida ɗaya. Ka zaga Bomo, Shika, Giwa, Tudun Wada, cikin birni. Gyaɗar ma ba iri ɗaya ba ce; ire-iren SAMNUT da cibiyar IAR ta Samaru ta fitar suna hannun manoma, ga na gargajiya, ga bambancin suya daga hannu zuwa hannu. Wannan bambancin kana bukatarsa a cikin bayananka, domin shi ne ainihin fuskar man ƙuli.

A ce ka tara kwalabe 60: man ƙuli 20, tataccen manja 20, man waken suya 20. Idan algus kake son kamawa, sai ka haɗa gauraye da kanka bisa sikeli, kashi 5, 10, 20, 30, 50, kana sauya kwalbar da kake ɗibar man ƙulin daga ciki. Ka rubuta wace kwalba ce uwar wane gauraye, za ka bukaci wannan nan gaba.

Ranar awo, abu ɗaya nake roƙon ka: kada ka auna su jinsi-jinsi. Rubuta lambobin kwalabe a 'yan takardu, ka zuba a hula, ka girgiza, ka riƙa zarowa. Wanda ya fito shi za a auna. Dalilin zai bayyana idan mun zo kan PCA, lissafin dunƙule lambobi da ke mataki na shida, kuma ni da kaina na sha kunyarsa.

A bar na'ura ta yi ɗumi kamar rabin awa bayan an kunna. Idan wuta ta ɗauke aka koma janareta, a sake jira, a sake awon fanko, wato awon da ake yi babu komai a kan ƙwayar daimon da ake ɗiga man a kanta. Wannan awon fanko a riƙa sabunta shi akai-akai, ba sau ɗaya da safe ba. Bayan kowane samfur a goge daimon da auduga da hekzen ko aisofurofanol, a bari ya bushe, a duba allo a ga ba sauran maiƙo a wajen lambar igiya 2922. Lokacin hunturu kuma, mai yakan yi barci a kwalba, musamman na manja. A ɗumama shi ya narke tas, a girgiza, sannan a bar duk kwalaben su zauna a ɗaki ɗaya zafinsu ya daidaita. Kowace kwalba a auna ta sau uku, kowane awo da sabon ɗigo. Saitin na'ura, misali ƙarfin tantancewa 4 da zagaye 32, ya zama ɗaya daga kwalbar farko har ta ƙarshe.

Mataki na biyu: lambobi za ka karɓa, ba hoto ba

Kafin ka biya ko sisi, tambayi ma'aikacin ɗakin gwajin ko zai ba ka fayil ɗin CSV, wato teburin lambobi zalla, na kowane awo. Takardar da aka buga, ko PDF mai ɗan jadawalin ƙololuwa goma sha biyar a gindinsa, ba ta da amfani a wannan aikin. Wasu wuraren ba sa yarda a soka filashi a kwamfutar na'ura saboda bairos, to sai ku shirya a turo maka ta imel.

Da ka samu, gina tebur guda. Kowane layin kwance awo ɗaya ne, kowane layin tsaye lambar igiya ɗaya. Kwalabe 60 sau uku, layuka 180 ke nan. Sau 1,800 kuma lambobi 324,000. A gefe ka ƙara layukan tsaye na lambar kwalba, jinsin mai, inda aka sayo, ranar awo, da jerin wanda ya riga wani hawa na'ura.

Duba abin da aka ba ka. In kason hasken da ya ratsa ne, mai alamar %T, juya shi zuwa shan haske: A = 2 − log(%T). Kashi 10 zai ba ka 1, kashi 50 zai ba ka 0.30. Dalili shi ne dokar Beer da Lambert: shan haske ne ke tafiya kai tsaye da yawan sinadari, kuma duk lissafin da ke tafe a kan wannan miƙaƙƙiyar alaƙar ya dogara. Da ka juya, kwazazzaban nan za su koma tsaunuka.

Sai ka zana duka 180 a kan juna ka zura musu ido. Wanda aka auna da kumfar iska a kan daimon, ko ɗigon bai rufe shi ba, zai fito a kwance daban. Cire shi, ka rubuta dalili. Idan awo uku na kowace kwalba sun hau kan juna, ɗauki matsakaicinsu, tebur ya dawo layuka 60, amma ka adana awon asalin a gefe. Ka riga ka rage kashi biyu cikin uku ke nan, ka kuma rage hayaniya.

Mataki na uku: kulle wasu kwalabe a akwati

Yanzu, tun ba ka ga sakamakon komai ba, ware kwalabe 15, biyar daga kowane jinsi, ka kwashe su zuwa wani fayil. Su ne rukunin jarrabawa. Ba za ka sake buɗe su ba sai an gama komai. Sauran 45 su ne rukunin koyarwa.

Kana iya zaɓe da ƙuri'a, ko da hanyar Kennard da Stone ta 1969, wadda ke tsinto samfuran da suka fi nisa da juna ta ba rukunin koyarwa. Ni dai na fi son jarrabawa mai tsauri: a ware dukan man wata unguwa ko na wani wata daban, domin haka mizanin rarrabe man da za ka kafa zai gamu da su a zahiri.

Abin da ba a yafewa shi ne raba 'yan kwalba ɗaya. Idan ba ka ɗauki matsakaici ba, awo biyu na kwalba ta 7 suka shiga koyarwa, na uku ya shiga jarrabawa, to satar amsa ce. Mizanin zai ci kashi ɗari, alhali kwalba ta 7 ya gane, ba man ƙuli ba. Haka gauraye da uwarsa, rukuni ɗaya za su zauna.

Mataki na huɗu: yanke abin da ba na mai ba

Ragewa mafi arha ita ce ta almakashi, kuma ilimin sinadarai ne ke riƙe da almakashin. Daga 4000 zuwa wajen 3100 mai mai kyau ba shi da abin faɗa sosai, sai tururin ruwan da ke cikin iskar ɗakin. Tsakanin 2700 da 1800 fili ne, sai dai a nan iskar kabon-dayokzaid ke fitowa wajen 2350, wato numfashin mutanen da ke ɗakin, sannan shi kansa daimon yana shan haske tsakanin kusan 2300 da 1900, abin da ke jawo gargada a wurin. Duk ka yanke.

Abin da ya rage gida biyu ne. Na farko 3050 zuwa 2800. A nan akwai manyan tsaunukan 2922 da 2853 na CH₂, da wani ɗan tudu a wajen 3006 wanda ido ke rainawa, alhali shi ne shaidar tagwan haɗin kabon. Man waken suya ya fi yawan wannan haɗin, na gyaɗa na tsakiya, tataccen manja na ƙasa. Gida na biyu 1800 zuwa 700: 1744 na C=O, 1460 da 1377 na lanƙwasar CH, 1160 na C–O, tagwayen 1118 da 1097 da tsayinsu ke sauyawa gwargwadon irin asid ɗin kitsen da ke cikin man, sai 722. Lambobi 1,800 sun dawo kusan 700.

Wani zai ce, to me ya sa ba za a auna tsayin 3006 kawai a huta ba? Saboda mai algus ba wawa ba ne, ko da bai san sinadarai ba. Manja na ƙasa, waken suya na sama. A gauraya su daidai gwargwado sai tudun 3006 ya sauka inda na gyaɗa yake. Ƙololuwa ɗaya ana iya yaudararta. Yaudarar wurare da yawa a lokaci guda ita ce mai wuya, shi ya sa ake tafiya da ɗaruruwan lambobi zuwa mataki na gaba.

Amma fa in tsufan mai ko danshi kake bincike, kada ka yanke yankin 3600 zuwa 3200, can O–H yake. Tambayarka ce ke faɗa maka inda za ka sa almakashi.

Mataki na biyar: daidaita zanen

Matsala biyu ake magancewa a nan: gargadar layi, da kuma tashi ko karkacewar gindin zane daga awo zuwa awo.

Maganin da kowa ke amfani da shi na Abraham Savitzky da Marcel Golay ne, tun 1964. Ana ɗaukar 'yar taga ta lambobi, a ce 11, a ɗora musu lanƙwasasshen layi mai daraja ta biyu, a maye gurbin lambar tsakiya da abin da layin ya nuna, sai taga ta matsa gaba da taki ɗaya. Dole faɗin tagar ya zama mara, 9 ko 11 ko 15. Ka tuna tazarar lambobinka kusan 1.9 ce, don haka taga 11 ta rufe kusan lambar igiya 20. In ka buɗe ta zuwa 31 don layi ya yi sumul, ka goge tagwayen 1118 da 1097 da hannunka, tunda tazarar da ke tsakaninsu 21 ce kacal. Kowane gida ka tace shi shi kaɗai. Idan ka manna 2800 da 1800 sannan ka tace, tagar za ta haifar da ƙololuwar ƙarya a mahaɗar.

Wannan hanyar dai ita ke fitar da gangarar layi. Gangara ta farko tana kawar da tashin gindi, ta biyu tana kawar da karkata, ta kuma raba ƙololuwan da suka manne. Ladanta ke nan, la'adarta kuwa ƙarin hayaniya. A kan mai, gangara ta farko takan wadatar.

Sai SNV, wadda Barnes da Dhanoa da Lister suka wallafa a 1989: a kowane layin kwance ka cire matsakaicinsa, ka raba da ma'aunin warwatsuwarsa. 'Yar uwarta ita ce MSC. An ƙirƙiro su ne saboda gari da hatsi, inda girman ƙwaya ke watsa haske, don haka mai auna garin masara ko ƙasar gona da na'urar NIR, 'yar uwar FTIR, ba shi da makawa sai da su. Mai kuwa ruwa ne, yana kwanciya lif a kan daimon, wani lokacin da SNV da babu duk ɗaya. Gwada hanya biyu ko uku kawai, kan rukunin koyarwa. Alamar gyara mai kyau ita ce awo uku na kwalba ɗaya su ƙara matsowa kusa da juna. Wanda ya gwada haɗi arba'in ya ɗauki wanda ya fi ba shi sakamako mai daɗi, caca ya yi.

Daga nan ka cire wa kowane layin tsaye matsakaicinsa, ka adana waɗannan matsakaitan. Wannan shi ke share kamannin 'yan gida ɗayan nan, ya bar bambanci zalla. Kada ka raba layukan tsaye da warwatsuwarsu kamar yadda ake yi wa bayanan tambayoyi. A zanen haske yin haka ɗaga hayaniyar fili ne ta yi kafaɗa da ƙololuwar gaske.

Mataki na shida: PCA

Ka lura da telan da ke ɗinka kaftani na sayarwa. A jikin mutum akwai awon kafaɗa, ƙirji, wuya, hannu, tsawo, ƙugu, amma shi ba ya ɗinka wa kowane haɗi riga. Ya san awon nan tare suke tafiya, mai faɗin kafaɗa yawanci mai faɗin ƙirji ne, sai ya dunƙule su zuwa abu ɗaya: babba, matsakaici, ƙarami. In ya so ƙarin daidaito ya ƙara na biyu: dogo siriri ko gajere kakkaura. Awo shida sun zama biyu, kuma rigar ta shiga yawancin mutane.

Abin da PCA ke yi ke nan. Karl Pearson ya kawo tushenta a 1901, Harold Hotelling ya gina ta a 1933. Lambobinka 700 ba labari 700 ba ne. Idan tagwan haɗi ya ƙaru, 3006 zai tashi, 2922 da 2853 su ɗan sauka, wasu wuraren su motsa tare. PCA na nemo alƙiblar da samfuran suka fi bambanta, ta kira ta jigo na farko, sannan ta nemo ta biyu wadda ba ta maimaita ta farko ba, haka har ƙasa. Da kwalabe 45 ba za ka samu jigogi fiye da 44 ba, kuma yawanci 'yan farkon ne ke da magana.

Ba sai ka sayi manhaja ba. A R, manhajar lissafi ta kyauta, umarnin prcomp ya isa, kunshin prospectr kuma yana da Savitzky-Golay da SNV da Kennard-Stone. A harshen kwamfuta na Python akwai kunshin scipy da scikit-learn. Wanda rubuta umarni ke ba shi tsoro ya sauke Orange, manhajar kyauta ta Jami'ar Ljubljana, ya ƙara mata kunshin Spectroscopy. Jan akwatuna ake yi ana haɗa su da layi.

Abu biyu za su fito. Akwai maki, wato matsayin kowace kwalba a kan kowane jigo. Akwai nauyi, wato gudummawar kowace lambar igiya ga jigon. Kowa makin yake rugawa ya zana, jigo na farko a kwance, na biyu a tsaye, ya shafa wa kowane jinsi launinsa, in ya ga gungu uku ya ɗauki hoto ya tura wa mai duba shi.

Ni ma haka na yi a aikina na farko. Gungu biyu suka fito, tsakaninsu fili kamar an ja layi da rula. Na kwana da murna. Washegari wani dattijon ma'aikaci ya leƙa allona ya ce, "Ɗana, nuna mini nauyin." Na buɗe. Babu komai a 3006, babu a 1160. Wani ƙaton tsauni ne a 2350, sai gashi-gashin tururin ruwa a gefe. Ashe man ƙulin duk ranar Litinin na auna, ɗakin cike da ɗalibai, na jarka kuma ranar Alhamis ni kaɗai, ga shi ban yanke komai ba. Litinin da Alhamis na raba, ba mai ba.

Saboda haka kowane jigo ka zana nauyinsa, ka tambaye shi daga ina ya samo maganarsa. In daga 3006 da 1118 da 1097 ne, sinadarai ke magana. In ka ga kafaɗa a wajen 1710, asid ɗin kitse ne da ya saki, wato jigon yana raba tsohon mai da sabo, ko ɗanye da tatacce. Wannan ma gaskiya ce, amma ba amsar tambayarka ba ce: tataccen man gyaɗa na kamfani zai faɗa ɓangaren manja. In nauyin ya fito kamar haƙoran zarto ba siffa, hayaniya ce, jigogin kirki sun ƙare. Ka tuna idan ka yi amfani da gangara ta farko, ƙololuwa takan bayyana a matsayin tudu da kwari manne da juna. Sannan ka sake shafa wa makin launi bisa ranar awo, da bisa kasuwa. In suka rabu ta nan ma, da sauran aiki.

Kada yawan kaso ya ruɗe ka. Jigo na farko na iya ɗaukar kaso mafi tsoka ya kasance ba ruwansa da jinsin mai, na uku mai ɗan kaso ya zama shi ne mai rabawa. PCA ba ta san sunayen kwalabenka ba, girman bambanci kawai take bi.

Saniyar ware kuma ana gane ta da awo biyu: T² na Hotelling, mai nuna kwalbar da ta yi nisa a cikin jigogin, da ragowar Q, mai nuna kwalbar da ke ɗauke da abin da jigogin ba su sani ba. Kafin ka cire ta, koma littafinka. Wataƙila kuskuren laƙabi ne, wataƙila kuma ita ce kwalbar algus ɗin da kake nema.

Mataki na bakwai: kafa mizani

Teburinka yanzu layuka 45 ne da maki, a ce, huɗu ko biyar. A kan wannan ake kafa mizanin rarrabewa.

Mafi sauƙi shi ne LDA ta Ronald Fisher, ta 1936, wadda ya gwada a kan furanni da awo huɗu kacal. Tana jan iyaka tsakanin jinsuna, amma ba ta aiki idan layukan tsaye sun fi samfura yawa, shi ya sa ake ciyar da ita makin PCA maimakon lambobi 700. Aibinta guda: ba ta iya cewa "ban sani ba". Ka ba ta man riɗi, za ta tura shi ɗaya daga gidaje ukun da ta sani.

Don tambayar "wannan man ƙuli ne ko a'a", SIMCA ta Svante Wold, ta 1976, ta fi dacewa. Ana yi wa man ƙuli PCA tasa shi kaɗai, a kewaye shi da katanga ta T² da Q. Sabuwar kwalba in ta faɗa ciki an karɓe ta, in ta faɗa waje an ƙi, ko da abin da aka zuba mata ba ka taɓa aunawa ba. Kunshin mdatools na R yana da ita.

PLS-DA ita ce 'yar gaban goshin ɗalibai, domin hotonta ya fi kyau. Tana kallon sunayen jinsi yayin da take gina jigoginta, don haka takan raba abin da PCA ta kasa. Nan haɗarin yake. Da lambobi 700 da kwalabe 45, za ta iya raba komai da komai. In kana shakka, hargitsa sunayen, ka laƙaba su barkatai, ka sake gudanarwa. Gungu za su fito tsaf a kan rukunin koyarwa. Hoton makin PLS-DA ba hujja ba ce.

Jigogi nawa za a ɗauka? Gwajin karɓa-karɓa ne ke faɗa. Raba kwalabe 45 gida biyar, tara-tara. Ka koyar da gida huɗu, ka gwada a na biyar, ka juya har kowane gida ya ɗanɗana. A kowane zagaye, cire matsakaici da PCA ɗin kansu sabo za a yi da gidaje huɗun kawai. A scikit-learn, Pipeline da GroupKFold suna ɗauke maka wannan. Yi haka da jigo ɗaya, biyu, uku, har goma, ka zana yawan kuskure. Zai sauka, ya kwanta, wani lokacin ya sake tashi, domin daga nan mizanin ya bar fahimta ya koma hadda. Ɗauki adadi mafi ƙanƙanta a inda ya fara kwanciya. Hargitsa sunayen nan ma ka maimaita shi sau ɗari ko fiye tare da karɓa-karɓa: da jinsi uku masu yawa ɗaya, cankar makaho na ba da kusan ɗaya cikin uku, kuma dole sakamakonka na gaskiya ya yi wa na hargitsin fintinkau.

Mataki na takwas: buɗe akwati

Sau ɗaya ake buɗe shi. Kwalabe 15 ɗin nan ka bi da su ta hanyar da aka bi da sauran: yanka iri ɗaya, taga iri ɗaya, a cire musu matsakaitan da ka adana daga rukunin koyarwa, ba nasu ba, a ɗora su kan nauyin da aka riga aka samu. A R, predict ke yin wannan.

Sakamakon ka zuba shi a teburin kuskure, jinsin gaskiya a kwance, hukuncin mizani a tsaye. Rubuta adadi, 14 cikin 15, kada ka tsaya ga kashi 93, domin da kwalabe 15 kuskure ɗaya kusan kashi 7 ne. Ka kuma bambance kuskuren: kiran man ƙuli algus zalunci ne ga mai sana'a, kiran algus man ƙuli cuta ce ga mai saye, kuma ba lallai su zo daidai ba. Idan da gauraye a ciki, nuna daga wane kaso mizanin ya fara kamawa. Na kashi 5 su suka fi zillewa. In sakamakon bai yi daɗi ba ka koma ka sauya taga ko jigogi, to kwalaben nan 15 sun zama na koyarwa, sai ka sake shiga kasuwa ka tara sababbi.

A babin hanyoyin bincike na kundinka, rubuta sunan na'ura da saitinta, yankunan da ka bari, faɗin taga da darajarta, adadin jigogi, yadda ka raba kwalabe, da waɗanda ka cire da dalilin cire su. Ka ajiye kwalba guda ta man ƙuli a firiji, cike, a rufe ruf, ka riƙa auna ta duk ranar da ka koma ɗakin gwaji. Ranar da makinta ya gusa daga inda ya saba zama, dakatar da awon sababbin kwalabe, a goge daimon, a sake awon fanko, a sake gwada ta.